Ranar da Kwamfuta Ta Ji Kunyar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, kai ko da na so in manta 'yan gidanmu ba za su bar ni ba, da ranar da na tsaya gaban dattawan kwamitin Islamiyyarmu a Gwaram zan nuna musu manhajar farko da na rubuta da hannuna. Na shiga ɗakin nan ina jin kaina wata babbar injiniya, na fito ina neman inda zan ɓuya.

Bayan na gama sakandare, Baba ya yarje mini in je Birnin Kudu in koyi kwamfuta, in zauna wurin Gwaggo, ƙanwarsa. Wata shida ya ce, ba ƙari. In na gama in dawo in kama ajin 'yan mata a Islamiyyar da yake shugabanta. To wata biyu da zuwa sai na gano ashe akwai abin da ya fi buga wasiƙa daɗi, wato mutum ya rubuta wa kwamfuta umarni ta bi. Malaminmu, Malam Nasiru, ya ce in dai ina so in iya da gaske sai na ƙara shekara guda. Da na kai wa Baba maganar bai ce to ba, bai kuma ce a'a ba. Cewa ya yi, "Ki nuna mini amfanin abin tukuna. In na gani, ki koma. In ban gani ba, aji na jiran ki."

Har yau ina kewar makarantar kwamfutar nan. Shago ne mai ɗaki biyu kusa da tasha, da kwamfutocin tebur masu ƙaton ƙeya, da wata fanka da ta fi iya kuka a kan ba da iska. Mu uku ne mata, mun kame layin baya muna cin gyaɗa a ɓoye. A nan na san cewa waƙafi guda in ya ɓace a cikin umarni zai iya cinye wa mutum yini biyu yana nema. A nan na taɓa kai aikina kwamfutar ƙawata ya ƙi buɗewa, na rantse da Allah kwamfutarta ce ta lalace, ashe ni ce na gaya wa manhajar ta nemi bayananta a wata folda da babu ita a ko'ina sai a tawa kwamfutar. Malam Nasiru kuwa magana ɗaya gare shi duk sanda akwatin kuskure ya faɗo a allo: "Karanta abin da ta ce miki." Mu kuma da mun ga akwatin sai mu yi maza mu rufe shi, kamar mai korar kaza daga shanya.

Aikin da na zaɓa don in burge Baba shi ne manhajar rajistar ɗalibai. A sa sunan yaro da ajinsa da izu nawa ya kai, ta adana, in lokacin sauka ya yi ta buga takardar shaida da sunan shugaban makaranta a ƙasa. Dama Alhaji Sale, wani ɗan kwamiti mutumin Basirka, ya ba Islamiyyar kyautar kwamfuta da firinta, suna nan a ofis an lulluɓe su da ƙyalle mai ado ba mai taɓawa. Wata biyu na yi ina fama. Na gwada ta da sunayen da na ƙirƙiro ya fi a ƙirga. Musa Garba, aji uku. Binta Audu, aji biyu. In goge, in sake. Musa Garba ya yi sauka a hannuna ya kai sau hamsin (Allah ya sa masa albarka, duk da babu shi a duniya).

Ga inda matsalar take. Ni tun tasowata ban taɓa kama sunan Baba da bakina ba, haka na Inna. In yarinya ta ci sunan Inna, "mai sunan Inna" nake ce mata. A takardar jarrabawa dai dole ce take sa in rubuta. Amma a ce don gwaji in zauna in rubuta sunan Baba, in goge, in sake rubutawa, in sake gogewa? Allah ya kiyaye. A gurbin sunan shugaban makaranta, "Shugaba" kawai na sa na wuce. Sunan Baba kuwa (ku yi mini afuwa, rubutawa zan yi, ba faɗa ba) shi ne Ya'u. Sunan Inna Sa'adatu. Ku dubi ɗan waƙafin nan na sama da ke tsakiyar kowanne, wanda malaman Hausa ke kira alhamza. Duk gwajin da na yi, ban taɓa sa sunan da ke ɗauke da shi ba.

Ranar Juma'a na hawo bas zuwa Gwaram da manhajata a filash, ɗan abin adana bayanan nan, na ƙulle shi a bakin zani kamar wata laya. Asabar da hantsi aka taru. Dattawa bakwai a kan benci, Baba a kujerarsa daga gefe yana jan carbi. Inna ta aiko da kunun aya. Aka tayar da janareto, aka yaye wa kwamfuta ƙyallenta. Na yi bismilla, manhaja ta buɗe lafiya lau. Na sa Musa Garba, na danna, firinta ta yi ƙugi ta fito da takarda mai zanen ganye a gefe. Aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu ana "Tabarakallah, Tabarakallah." Na saci kallon Baba na ga ya daina jan carbin.

Da ina da wayo da a nan na rufe taro. Amma kai ya riga ya kumbura. Na gyara hijabi na ce, "Ai kowane irin suna aka ba ta za ta karɓa, ko na wace ƙasa ne."

Alhaji Sale ya ce, "To madalla. 'Yata, cire wannan 'Shugaba' da kika sa a ƙasa, ki sa sunan Malam, mu ga yadda ta gaske za ta fito."

Na sunkuyar da kai na rubuta. Na danna. Sai kwamfuta ta yi wata ƙara, ga akwati ya faɗo da jar alama da dogon Turanci. Ban karanta ko kalma ɗaya ba, na rufe. Na sake dannawa, ya sake faɗowa. A na uku manhajar ce gaba ɗaya ta ɓace, ta bar ni da hoton korayen tsaunuka a allo da dattawa bakwai a bayana.

Na ce, "Ina ga janareton ne." Aka aika aka duba janareto, lafiyarsa ƙalau. Na ce to ko linzamin kwamfutar ne, wato maus, na ɗaga shi na busa masa iska (har yau ban san abin da nake fatan busar za ta yi ba). Na sake buɗe manhaja, na sake sa sunan, ta sake tsinkewa. Zufa ta jiƙa mini hijabi har wuya.

Sai Baba Ladan, ladanin masallacinmu, tsoho mai barkwanci da ba ya barin magana ta wuce shi, ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ni fa na gane. Na'urar nan tarbiyya gare ta. Kunyarka take ji, ba ta iya kama sunanka. 'Yar gida ce ta raine ta."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Alhaji Sale ya ce a gwada nasa, na sa Sale, ta karɓa ba musu. Wani ya ce a gwada Mu'azu, ta sake tsinkewa. A nan idona ya buɗe. A yaren da nake rubuta umarni da shi, ɗan waƙafin nan na sama shi ke nuna inda magana ta fara da inda ta ƙare. Da kwamfuta ta zo kan "Ya" ta ga alamar, sai ta ɗauka suna ya ƙare, ta ga "u" tsaye shi kaɗai ba ta san uwar da ta haife shi ba, sai ta rikice.

Mai hankali cewa zai yi, "Na gano matsalar, a ba ni mako guda." Ni kuwa sai zuciya ta raya mini cewa ai ɗan ɗigo ne, wa zai lura? Tsofaffi ne, rabinsu ma da ajami suka fi sabawa. Na kare allon da kafaɗata, na rubuta sunan ba tare da alamar ba, na danna. Ta karɓa! Firinta ta yi ƙuginta. Na zaro takarda na miƙa wa Alhaji Sale da hannu biyu, har da ɗan murmushi.

Ya sa tabarau, ya ɗaga takardar, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Shugaban Makaranta, Malam... Yau."

Baba Ladan ya karkato kunne. "Malam wa?"

"Yau aka rubuta. Malam Yau."

"Ikon Allah! To in yau shi ne, gobe kuma wa za a ba makarantar?"

Jama'a, ban taɓa ganin dattawa sun yi irin wannan dariya ba. Wani hularsa ta faɗi, wani kunun aya ya sarƙe shi sai da aka bubbuga masa baya. Ni kuwa ji na yi da ƙasa za ta tsage da na shige ban ko waiwayo ba. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya karɓi takardar, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce a yi addu'a a tashi.

A gida na ƙi cin tuwon rana. Na kwanta a ɗakin Inna ina kuka, na riga na sallama Birnin Kudu, har na fara tunanin yadda zan aika a kawo mini akwatina. Bayan la'asar Baba ya aiko in same shi a zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Takardar na buɗe a kan buzunsa.

Ya ce, "Me ya ci harafina?"

Na yi masa bayanin yadda na'urar ke ɗaukar alamar a matsayin ƙarshen magana. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai.

"Wato waƙafi ta yi a inda ba a waƙafi. Wannan ai kuskuren mai koyo ne, kullum ina jin irinsa. Ita ba ta da laifi, ba a biya mata ba. Ke ma da a nan kika tsaya da ba ki da laifi." Ya ɗora yatsa a kan takardar. "Amma kin san harafin yana nan, kika tsallake shi don kada a ga gazawarki. Wannan shi ne ya ɓata mini rai."

Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ce, "Na tuba, Baba."

Sannan ya ce, "A makarantata wanda ya tsallake harafi ba na korar sa, kuma ba na barin sa ya wanke allo. Mayar da shi nake yi ya sake biyawa. Rabin yaran nan Sa'idu ne da A'isha da Shu'aibu. Na ga amfanin abin, amma ba ki gama ba. Ki koma wurin malaminki ki koya wa na'urar sunayenmu."

Ban san sanda na ɗago kai ba. Ya riga ya ɗauki littafinsa, amma na ga gefen bakinsa na motsi.

Litinin na koma Birnin Kudu. Malam Nasiru ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tambaye ni me akwatin ya ce. Na ce ban karanta ba. Ya girgiza kai ya ja kujera. Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba. Ya nuna mini in daina manna suna a cikin umarni, in bar masa gurbi in miƙa shi daban, yadda kwamfuta za ta san wannan sunan mutum ne ba magana ake yi mata ba. Na yi shekarata guda cif, kuma a sauka ta gaba da manhajar aka buga takardun yara, kowa da alhamzarsa.

Baba ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Da muke gyara littattafansa na tsinci takardar nan a ninke cikin wani littafin tajwidi. Ya sa alƙalami da tawada ya ɗora alhamzar a wurinta da hannunsa. Na yi dariya na yi kuka a lokaci guda, ƙannena na kallo na.

Yanzu ni ma ina koyar da masu farawa, kuma abin da nake gaya musu ke nan: duk abin da kunya ta hana ki gwadawa ke kaɗai a ɗaki, ki sa a ranki shi za a fara tambayar ki a gaban dattawa.