Kakan Seu Adroaldo a Cikin Ganuwa

A duk faɗin Porto Alegre ta ƙasar Brazil babu wanda ya san tarihin birnin nan kamar Seu Adroaldo Brum, mai shagon tabarau. Shi da kansa ya shaida mana haka, kuma mutum mai gashin baki irin nasa ba ya ƙarya. Wata goma sha ɗaya yana gwada idanun tsofaffi. Da Satumba ta kama sai ya zura wandon buje irin na makiyaya, ya ɗaura jan ƙyalle a wuya, ya soke wuƙa a ƙugu, ya zama Barde Mai Tabarau. Doki kuwa sau ɗaya ya taɓa hawa, aka ɗauki hoto, aka sauke shi.

Ba shi kaɗai ba ne, mu ma haka muke. Kowace shekara mukan kafa rumfuna a filin shaƙatawa, mu gasa haƙarƙarin shanu, mu yi bikin tawayen da makiyaya suka yi wa sarkin Brazil. Shekara goma aka gwabza, makiyayan ba su ci nasara ba. Birninmu ma korar 'yan tawayen ya yi ya rufe musu ƙofa, har sarki ya yaba masa da biyayya. Wannan ɓangaren ba ma tayar da shi lokacin cin nama.

Shekara tara Seu Adroaldo yana shugabancin rumfarmu, albarkacin kakan kakansa, Kyaftin Brum na rundunar 'yan tawaye. Idan ƙoƙon shayin ganye ya zagayo kansa, sai ya riƙe shi har ya huce, yana jawabi.

“Jinin da ke jikina ya jiƙa ƙasar nan! Kakana shi kaɗai ya tare mutum arba'in a bakin gada!”

Bara talatin ne.

Bana sai Gervásio mahauci ya ce shi ma yana son kujerar. “Wai ina takardar kyaftin ɗin nan, maigida? Ko tare da dokin ta gudu?”

Abin ya yi wa Barde zafi. Kujerar nan ita ce duk abin da ya mallaka wanda ba tabarau ba. Ya tafi wurin Dona Noeli, wadda ta yi ritaya daga ma'ajiyar tsofaffin takardu, ya ce ta tono masa kakansa, ta karanta a gaban kowa ranar zaɓe. Bayan mako guda ta same shi a shago.

“Seu Adroaldo, da ka fara dubawa kai kaɗai.”

“Ni in duba? Baiwar Allah, zinariya ba ta tsoron rana!”

Ranar zaɓe ya sa aka jera kujeru, ya gayyato surukansa, ya tsaya dafe da wuƙa yana kallon nesa kamar gunkin dandali. Dona Noeli ta gyara tabaran da shi ya sayar mata, ta karanta. Lallai akwai Brum, kuma lallai ya yi suna. Mai gasa burodi ne a cikin gari. Shi ya ciyar da sojojin sarki duk tsawon lokacin da 'yan tawaye suka kewaye birnin, har aka rubuta masa takardar yabo saboda ya kai rahoton maƙwabcinsa mai ɗaura jan ƙyalle irin na 'yan tawaye.

Wallahi na ji tausayinsa. Gashin bakin nan ya kwanta. Amma dariya ta riga ta taso mana, Gervásio har da buga cinya.

Dona Noeli ta jawo wani ƙunshin takardu mai kauri daga jaka. “Tunda na riga na shiga ƙura, na duba na sauran 'yan rumfa ma. Duka ashirin da uku. In fara da kai, Gervásio? Naka gajere ne, sai bayan yaƙi da shekara arba'in jirgi ya kawo kakanninka daga Italiya.”

Ba a taɓa yin zaɓe da sauri irin na ranar ba. Gervásio ne ya fara ɗaga hannu, ni na biyu. Aka mayar da Seu Adroaldo kujerarsa babu hamayya, aka cika wa Dona Noeli faranti, aka raka ta har bakin mota.

Da yamma Barde ya miƙe da ƙoƙo a hannu. “Ba don burodin kakana ba,” in ji shi, “da yaƙin nan bai kai shekara goma ba!”

Muka tafa masa, mu ashirin da uku, da dukan ƙarfinmu.