Rasuwar Mitar Auna Haske ta Baba Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa haushi ne, Baba Mai Hoto na sanar da rasuwar mitarsa ta auna haske, bayan shekara arba'in da ɗaya tana rataye a wuyansa.

Marigayiyar ba ta da surutu. Iyakarta "ƙwas" idan an buɗe jakarta ta fata, sai "ƙir-ƙir" idan an murza faifanta. Baba kan kai ta dab da kuncin mutum, allurarta ta motsa, ya buɗe idon kyamara daidai yadda ta ce. Ko fuska baƙa ce wuluk a gaban farin bango, sai ta fito da annurinta. A zamaninta ba a taɓa cewa wani ya dawo ya sake zama ba. Baba ya sha faɗin haka, har da inda ba a tambaye shi ba.

Ciwon ajalinta kuwa ɓoye shi ta yi. Da allurar tsayawa ta yi cak, da ya yafe. Amma ta ci gaba da motsi kamar mai lafiya, tana nuna duhu inda haske yake.

Yayan Baba, tsohon da bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, ya amince a watan jiya, bisa sharaɗin zama ɗaya tak. Aka zaunar da shi bakin tagar shago da hantsi. Idon Baba ya ce hasken ya wadatar. Mita ta ce a ƙara. Ya ƙaryata idonsa, ya gaskata ta. Da aka wanke fim ɗin, hoto goma sha biyu, babu fuska ko ɗaya. Hula ce da kunnuwa biyu, tsakaninsu fari fat. Tun ranar, kullum yayan sai ya aiko a tambayi hotonsa, Baba yana cewa bai bushe ba.

Ta rasu ta bar kyamara ɗaya mai ƙafa uku, da kujerar zaman baƙi, da labulen bango mai zanen teku. Baba bai ƙara yarda da ko ɗayansu ba.

Za a yi jana'iza gobe da safe a aljihun tebur na ƙasa, inda matattun batura suke. Ba a buƙatar masu ta'aziyya, musamman surukin nan na Baba da ke cewa wayarsa ta fi iya ɗaukar hoto. Daga maƙabarta Baba zai saɓi kyamara ya wuce gidan yayansa, ya durƙusa, ya faɗi gaskiya, ya roƙi a sake zama. Duk wanda ya gan shi a hanya, ya kau da kai.