Ranar da na yi wa kwamfutoci talatin rabon gado

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Sabon Gari ba, ranar da na tsaya gaban ɗalibai talatin na yi wa'azi a kan adalci, alhali a bayana akwai kwamfutoci talatin da na zalunta da hannuna.

Ni almajirin zaure ne kafin komai. A Samaru an san ni da ilimin gado. In aka yi rasuwa, aka zo rabon gona ko gida, akan turo mini. Kwamfuta kuwa da girma na koye ta, a shagon buga takardun ɗaliban jami'a, har na kai ga iya rubuta mata umarni. (Har yau sai na fara tsara komai da ajami a takarda kafin in taɓa madannai. Kaina ya fi zama a haka.)

Alhaji Tanimu, wani ɗan kasuwa, ya buɗe cibiyar koyar da yara jarrabawa ta kwamfuta a Sabon Gari. Ya sayo kwamfutoci talatin na gwanjo, ya ba ni aikin shirya su kafin gwajin farko. Kowace kwamfuta tana da faifan ajiya a cikinta, kuma kafin a zuba mata manhaja sai an yanka faifan ɗaki-ɗaki: ƙaramin ɗakin da take tashi daga cikinsa in an kunna ta, da ɗakin manhaja, da ɗakin ajiyar ɗalibai. Mai haƙuri yakan bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai dabara kuwa ya rubuta fayil guda, ya faɗi sunan kowane ɗaki da girmansa, sannan ya sa wani kundin umarni da masana suka riga suka rubuta, wanda ake ce wa laburare, ya karanta fayil ɗin ya yanka faifan da kansa. Ni na zaɓi zama mai dabara.

A kwamfutata ta gida komai ya tafi sumul. Da na kai shi kan na Alhaji, laburaren ya ƙi. Ya rubuto da jan rubutu cewa ɗakunan da na nema sun fi faifan girma. Faifan gwanjo ne, bai kai rubu'in nawa ba.

Nan fa malanta ta motsa. A ilimin gado akwai abin da ake kira auli: in rabon magada ya haɗu ya fi dukiyar yawa, ba a korar kowa, sai a rage wa kowa gwargwadon rabonsa. Na ce ashe Turawan da suka rubuta laburaren nan ba su kai wannan babin ba. Na zauna na ƙara layi goma sha biyu: in wuri bai isa ba, a rage wa kowane ɗaki daidai wa daida. Jan rubutun kuma na rufe masa baki gaba ɗaya. A madadinsa na sa kwamfuta ta riƙa rubuta "Alhamdu lillahi, rabo ya kammala" a ƙarshen aiki, ko me ya faru a tsakiya.

Malama Rifkatu, 'yar Wusasa, ita ce za ta koyar da yaran. Ta leƙo ta bayan kafaɗata ranar Juma'a.

"Malam, wannan jan rubutun da ka kashe, ba wani abu yake gaya maka ba?"

"Ƙorafi ne, Malama. Duk rabon da aka yi sai an sami mai ƙorafi."

"To, ka kashe guda ɗaya ka sake kunna ta mu gani mana."

Na duba agogo. La'asar ta gabato, ga Keke Napep na Samaru sai an yi kokawa. Na nuna mata allo talatin, kowanne yana hamdala. Na ce, "Shaidu talatin ba su ishe ki ba?" Ta ce sun isa.

Asabar da safe yara suka cika ɗakin. Alhaji ya gayyato iyaye kamar shida, da wani shugaban makaranta da yake fatan ya riƙa turo masa ɗalibai. Ya ce in yi addu'ar buɗewa. Na yi, sannan na ga bai kamata a bar jama'a cikin duhu ba. Na ba su kusan minti goma a kan auli, da yadda ilimin magabata ya warware abin da ya gagari masu ƙera kwamfuta. (Wani dattijo ya ce "Allahu akbar". Ina tuna fuskarsa har yau.) Na rufe da cewa, "Yara, bismilla, ku kunna."

Suka kunna. Fankokin cikinsu suka yi ƙara. Allo talatin suka yi baƙi, suka zauna a haka, kowanne da ɗan farin layi yana ƙifta ido a kusurwa.

Na ce a ba su lokaci, sanyin safiya ne. A watan Afrilu.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, tawa ba ta zo ba."

"Tana hanya."

Alhaji ya matso, ya rage murya. "Allah gafarta malam, aulin ne yake aiki, ko ya gama?"

Malama Rifkatu ta riga ta zauna gaban guda, ta soka filashinta, ta buɗe cikin faifan. Ta kira ni da yatsa. Ɗakin tashi, wanda dama shi ne ƙarami, aulina ya matse shi har kayan da kwamfuta take bukata ta farka da su ba su shiga ba. Rabi suka shiga, rabi suka tsaya a ƙofa. Laburaren ya so ya faɗa. Ni na hana shi.

Ba ta ɗaga murya ba, amma ɗakin ya yi shirun da ba a bukatar ɗagawa.

"Malam, ni ba fannina ba ne. Amma da maƙwabcinmu ya rasu, na ga sai da aka fara fitar da likkafani kafin a zauna rabo. Shi ma rage masa kuke yi?"

Wannan shi ne darasin farko da nake koya wa duk wanda ya zo karatun gado. Akwai abin da ake cirewa cikakke tukuna, sauran shi ake rabawa. Ba a taɓa yi wa likkafani auli ba. Dattijon nan mai kabbara ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa, kafaɗunsa suna rawa.

Gyaran layi ɗaya ne a fayil ɗin: a ba ɗakin tashi girmansa, kada a taɓa. Amma sake zuba manhaja ya ci awa uku. Yaran da suka zo koyon jarrabawar kwamfuta suka yi ta da biro, ni nake raba takardu layi-layi. Shugaban makarantar ya karɓi tasa, ya duba gaba da baya, ya tambaye ni ko cikakkiya ce.

Abin da na koya bai da yawa. In abu ya yi maka jan rubutu, ka karanta kafin ka yi masa fatawa. In kuma za ka kafa shaidu, kada ya zama kai ka rubuta musu abin da za su faɗa.