Tafin Zinariya da Motar Ungozoma

Idan ana lissafin ni'imomin da Allah ya yi wa layinmu, ba a farawa da famfo ko kwalta. Da tafin hannun daman babban bakaniken nan na kan kwana ake farawa. Sauran jikinsa irin na kowa ne: tumbi, sanƙo, da gwiwar da ke ƙara idan zai tsuguna. Amma tafin! Shi da kansa ya raɗa masa suna Tafin Zinariya, kuma saboda tsabar tawali'u ya bari sunan ya bi jikin gaba ɗaya.

Tafin ba ya riƙe sifana. Ba ya gaisawa da kowa, sai dai a miƙo maka wuyan hannu ka taɓa ka gode. A cikin safar hannu yake wuni, kuma man shafawar matar gidan ba ya daɗewa, don ba ita kaɗai ke amfani da shi ba.

Aikin tafin guda ne: sauraron mota. A ƙuryar garejin akwai wani tsohon injin daidaita taya da shi da ƙanensa suka gada daga mahaifinsu, wanda yake kira Kaka. Jan ƙarfe ne mai nauyi, da gangar ƙarfe a gaba. Ba a cire taya. Ɗaga motar ake yi da jak, a jingina gangar da tayar, a kunna, sai ta juya ta da gudu kamar tana kan titi. Idan wani gefe ya fi nauyi, motar ta kama rawa. Sai a kashe, a maƙala 'yar darma a bakin wili, a sake gwadawa har rawar ta tsaya.

Ƙanen ne ke ɗaga mota. Shi ke tura Kaka, shi ke kunnawa, shi ke buga darma, shi ke cin hayaƙin roba. Gogan naka kuwa ya ɗauki ɓangaren da ya fi wuya: dafa motar da yi wa jama'a bayani.

"Kwamfuta lamba take gani," in ji shi, yana nuna shagon da ke tsallaken titi da haɓa. "Ni kuwa mota ce ke min magana. Ka cire taya ka kai kan na'ura? Ai kamar ka cire wa mutum ƙafa ne ka kai asibiti, ka bar shi a gida!"

A gaskiya Kaka ba ta da laifi, aikinta take yi tsakani da Allah. Mai ita ne ilimi ya yi wa yawa. Da farko dafa motar kawai yake yi. Daga baya ya gano cewa ido na raba wa tafi hankali, ya koma rufe ido. Da ya ga mutane na jinjinawa, sai ya samo baƙin ƙyalle yana ɗaurewa. Ana nan ya gano cewa kunne ma munafuki ne, ya fara cusa auduga. Ya kuma kafa doka: muddin tafi na kan mota, duk wanda ya taɓa shi ya bar garejin har abada, ko da ciki ɗaya suka fito. Da ɗan yatsan hagu yake mulki. Ya ɗaga, a kunna. Ya sauke, a kashe.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar shugaban ƙungiyar kanikawa. Ya daɗe yana mafarkinta, kuma a wannan karon abokin takararsa shi ne Mai Kwamfuta na tsallaken titi, mutumin da ko furfura bai fara ba. Tuni Tafin Zinariya ya sa aka rubuta masa sabon allo mai ɗauke da kalmar SHUGABA, ya jingine a bayan ƙofa. Matarsa ma an sanar da ita ta rage yawan dariya a gaban maƙwabta.

Da safiyar ranar zaɓe ya gayyaci duk masu jefa ƙuri'a su zo su ga bambanci da idonsu. Aka yi sa'a, ko aka yi rashinta, ungozomar unguwa ta kawo motarta. Mace ce da ba ta tauna magana.

"Maigida, in na taka ta sitiyarin nan rawa yake har haƙorana na haɗuwa," ta ce. "Kuma mai naƙuda ba ta jira."

"Malama, kin kawo kuka inda ake share hawaye."

Aka ɗaga mota, aka yi wa taya alama da alli. Aka ɗora kofin ruwa a kan bonet don marasa tafi su ma su ga wani abu. Aka zare safa a hankali, aka ɗaure ido, aka cusa auduga. Yatsa ya tashi. Kaka ta yi gurnani, taya ta ɗauki gudu, ruwan kofi ya kama tsalle. Yatsa ya sauka.

"Darma a sama, wajen allin!" ya daka tsawa, da muryar wanda ba ya jin kansa.

Ƙanen ya buga. Aka sake kunnawa, rawar ta ƙaru, har kofin ya fara tafiya da kansa. Tafin Zinariya ya gyaɗa kai kamar dama haka ya tsara.

"Tana faɗa min ciwonta ne. Mayar da ita ƙasa!"

Ƙanen ya mayar. Yatsa ya sake tashi. Ƙanen ya danna makunni, kuma a daidai wannan lokacin aka ɗauke wuta. Fankar rufi ta tsaya. Kaka ko tari ba ta yi ba. Taya na rataye a sama, ƙuda ma ya samu wurin zama a kanta.

Tafi na kan mota, yana sauraro. Murmushi ya fara daga gefen baki, ya bazu har sanƙo.

"Yaya!" in ji ƙanen. "Yaya, ba wuta!"

Ina! Audugar mai kyau ce. Ƙanen ya miƙa hannu zai dafa shi, ya tuna da doka, ya tuna rabin garejin nasa ne, ya mayar da hannunsa aljihu.

"Jama'a!" in ji Tafin Zinariya. "Ku dubi ruwan nan! Ya motsa? Tayar nan gudun da take yi yanzu ko jirgi albarka, amma ku ji jikin motar, kamar jariri a bayan uwa. Tun da nake aikin nan ban taɓa jin taya ta kwanta min haka ba. Wannan ba karatu ba ne, baiwa ce! A kira min mai akwatin lambobin can ya zo ya ɗauki darasi!"

Mai akwatin lambobin yana tsaye a gabansa, ya cusa hula a baki. Wani dattijon bakanike ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Gogan ya ɗauki lokaci yana bayanin yadda zai tafiyar da ƙungiya da irin wannan natsuwar, gumi na tsiyaya saboda rashin fanka. Sannan ya sauke yatsa cikin isa, don a kashe injin da ba a kunna ba. Ya kwance ƙyalle, ya zare auduga. Dariyar ta shiga kunnuwan biyu lokaci guda.

Ya dubi taya. Ya dubi ƙuda. Ya dubi fanka.

Ungozoma ta gyara jakarta a kafaɗa. "To, Maigida, na gane maganin. In dai ban tuƙa ta ba, lafiyarta ƙalau. Sauke min motata, ana jirana."

Ba sai na faɗi wanda ya ci zaɓe ba. Allon SHUGABA na nan a bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango, kuma matar gidan ta koma dariyarta, har da ƙari. Amma kanikawa mutane ne masu sanin darajar baiwa, ba su bar shi hannu rabbana ba. A zaman farko, Mai Kwamfuta da kansa ya kawo shawara, kowa ya amince: aka naɗa Tafin Zinariya mai kula da filin bayan layi, inda ake jibge motocin da suka mutu, marasa inji, waɗanda ke zaune a kan bulo.

Kuma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aikinsa. Tun da ya karɓi filin nan, ko mota ɗaya ba ta taɓa girgiza ba.