Littafin da Ba Kowa Ya Rubuta

"Girkawa suka fara, Rumawa suka kwafa, ni kuwa zan gyara!"

Haka kawuna ya faɗa ran da ya dawo daga aiki da wata takarda a hannu, yana buga ƙirji har sai da ya yi tari. Kada ka ji wannan cika baki ka ɗauka wani babban malami ne. Aikinsa buga hatimi a littattafan da ake ara a ɗakin karatu na unguwa. Shekara goma sha tara yana shaƙar ƙurar littattafai, shi ne ya ɗauka ilimi ta hanci yake shiga. Mu muna ce masa Kawu Hatimi, shi kuma yana ce wa kansa Giwar Alƙalami.

Takardar sanarwa ce daga wani kamfanin buga littattafai. Suna neman wanda zai sake ba da tsoffin labaran jaruman Girkawa da Rumawa yadda yara za su ji daɗi. Yaran ne alƙalai, wanda ya ci kuwa za a buga littafinsa da sunansa ɓaro-ɓaro a bango. Sunan nan shi ne ya hana Kawu sakat. Surukinsa, wani tsohon direban jirgin ƙasa mai baki kamar reza, tun ran da ya ba shi 'yarsa yake cewa, "Wannan ai ba kowa ba ne." Kawu ya rantse sai tsohon ya sa tabarau ya karanta sunansa a bangon littafi.

Sai ya duƙufa gyara. Jarumin nan da makami ba ya kama shi sai a diddige, Kawu ya sa masa takalmi sau-ciki. Yaƙi ya ƙi ƙarewa har shafi arba'in, dole ya kashe shi da mura. Dokin katakon da mayaƙa suka ɓuya a cikinsa kuwa, ya ce rashin imani ne a cusa bayin Allah ba iska, ya fasa masa tagogi shida har da labule. Mutanen birnin suka riƙa leƙawa suna yi wa mayaƙan sannu da hanya.

"Yara za su yi kuka har su jiƙa littafin," ya ce wa matarsa.

"Za dai su jiƙa wando," in ji ta, tana guga ba ta ko ɗago kai ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Dokar gasar ta ce kowa ya sa sunan aro a kan littafinsa, sunan gaskiya kuma a rufe shi cikin ambulan. Kawu ya yi tsalle ya ce ya sami sunan da ba a taɓa yin irinsa ba.

"Saurara ki ƙaru," ya ce wa matar tasa. "Wani jarumi ya faɗa kogon dodo mai ido ɗaya. Dodo ya tambayi sunansa, ya ce, Ba Kowa. Da ya tsone masa idon, dodo ya kwarma ihu, 'yan'uwansa suka zo bakin kogo suka ce, wa ya taɓa ka? Ya ce, Ba Kowa! Suka ce to ka yi mana shiru, suka watse. Sai da jarumin ya hau jirginsa sannan ya faɗi sunansa na gaskiya. Sunan da zan sa ke nan."

"A cikin ambulan fa?"

"Farar takarda. Dabara ba a yin ta rabi. Ranar sanarwa zan miƙe a gaban Baba in faɗa da bakina."

"Maigida, shi wancan yana da jirgin gudu. Kai keke gare ka, shi ma ba iska."

Bai saurare ta ba. Ya ma kai littafin aka buga masa da na'ura, wai kada rubutun hannunsa ya tona asiri.

A ofishin kamfanin ya tarar da wata ma'aikaciya tana taunar cingam a bayan tebur.

"Sunan marubuci?"

"Ba Kowa."

"Malam, littafi ba ya rubuta kansa. Wa ya rubuta?"

"Na ce miki Ba Kowa."

"Tsintarsa ka yi?"

"'Yata, wannan ya fi ƙarfin karatunki. Rubuta abin da aka ce miki."

Ta taɓe baki ta rubuta. A gurbin wanda ya kawo kuma ta sa "ɗan aike". Kawu bai gani ba, yana can yana duba kansa a gilashin taga.

Ranar sanarwa da hantsi ya sa kwat ɗin aurensa, wadda maɓallanta suka daɗe da daina gaisawa da ramukansu. Ya ɗauko surukinsa a tasi, ya zaunar da shi a kujerar gaba. Mu ma duk ya kwaso mu don shaida.

Manajan kamfanin ya kama lasifika. "Littafi ɗaya yaran nan suka zaɓa baki ɗaya. Sai da muka fitar da biyu waje su sha iska saboda dariya. Ba mu taɓa ganin shirme mai daɗi irin na doki mai labule ba."

Murmushin Kawu ya ɗan karkace, don shi kuka ya shirya musu. Amma ci ai ci ne. Ya gyara zama, ya zunguri surukinsa.

Manaja ya yage ambulan, ya juya takardar gaba da baya, ya ɗaga ta sama ya duba. Sannan ya leƙa rajista. "Marubuci, ba kowa. Ashe ɗan aike ne ya kawo. To tunda ba mai shi, haka za mu buga shi, bango ba suna."

Kawu ya zabura, maɓalli ɗaya ya yi tsalle ya bar shi. Jawabin da ya kwana uku yana haddacewa ya bi maɓallin.

"Ni ne! Ni ne Ba Kowa!"

"Mun gani, malam," in ji manaja. "Zauna."

Kawu ya zayyano sunansa na yanka har da na kakansa. Aka duba rajista daga sama har ƙasa, babu.

"Ranka ya daɗe, shi ne ɗan aiken," in ji mai cingam.

Wani daga baya ya miƙe ya ce, "In haka ne ni ma ba kowa ba ne, a sa sunana!" Wasu biyu suka bi shi.

"Ku gwada ni!" Kawu ya yi ƙara. "Ku tambaye ni tagogi nawa ne a jikin dokin!"

"Shida!" yara suka amsa gaba ɗaya.

Mai gadi ya zo ya kama shi a hankali ta gwiwar hannu, yana cewa, "Yi haƙuri, Baba, rana ce ta yi zafi." Wallahi na tausaya masa, ko da yake cikina har ciwo yake don dariya.

A bakin ƙofa muka tarar da tsohon direba ya dogara sandarsa, ya sa tabaransa. Ya miƙa wa Kawu hannu, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, yau ka burge ni."

Fuskar Kawu ta washe, ya kama hannun da hannu biyu.

"Shekara ashirin ina faɗa ana cewa ƙiyayya ce," in ji tsohon. "Yau ga shi ka biya mini tasi, ka tara jama'a, ka faɗa da bakinka, har ana musa maka kana rantsuwa."