Gaba Ake Faɗuwa ko Baya?

Allah Ya yi wa Matameye gata a shekarar fari. Ruwa dai bai zo ba, amma Mushe Cha'ibu ya zo, Mushe watau malam da Faransanci. Injiniya ne, ya yi karatu a ƙasar Turawa, ko kuma dai a wani gari da ake ganin Turawa. Tabaronsa ba na magani ba ne, na ilimi ne. In ya yi magana yakan rufe da "wala", watau "shi ke nan" da Faransanci, har gari ya sa masa Mushe Wala, shi kuwa ya ɗauka muƙami ne.

Gwamnatin soja ce ta turo shi ya zaɓo samarin da za a kai makarantar koyon injuna. Wanda ya ci ya samu gado da tuwo sau biyu a rana, abin da a shekarar ya fi digiri. Mahamadu, wani saurayi daga Dungu, ya ƙwallafa rai. Rumbunsu ya ƙare, in ya faɗi sai cin rani a Kano.

Mushe Wala ya tara su a inuwar dalbejiya, ya gyara wuyan kwat.

"Ni ba hadda nake aunawa ba, fahimta nake aunawa. Mutum na tsaye bisa kamiyo, babbar motar kaya, direba ya taka birki. Ina zai faɗi, gaba ko baya?"

Mahamadu ya ce gaba. Ya taɓa gwadawa a hanyar Ɗan Barto, haƙorinsa na gaba da ya karye shaida ne.

"Sifiri!" in ji Mushe. "Mota ta tsaya, ƙarfi ya koma inda ya fito, watau baya. Haƙori ba hujja ba ne a kimiyya. Wala!"

Sauran samarin, ganin yadda iska ke kaɗawa, duk suka ce baya. Aka yaba musu da zurfin tunani. Ni kam ranar na tausaya wa Mahamadu, don ya koma gefe kamar wanda aka ƙwace wa akushi.

Da rana sai ga kamiyon jar dawa ta taimako ya iso bakin gari. Mushe Wala ya ga bai kamata abinci ya shiga Matameye ba tare da rakiyar ilimi ba. Ya haye can ƙololuwar buhuna, ya miƙe tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana ɗaga wa mata. Direba ya roƙe shi ya zauna. Ya ce injiniya ba kaya ba ne.

A ƙofar ofis, kyaftin ɗin da ke mulkin gari yana jira. Wata akuya ta gilma. Direba ya taka birki.

Mushe ya tashi sama, kwat ta buɗe kamar fiffiken angulu, ya wuce kan direba, ya dira rub-da-ciki a yashi, daidai takalmin kyaftin.

Kyaftin ya riga ya ji labarin jarrabawar safe. Ya dube shi, ya ce, "Mushe, na ga kamar gaba ka yi."

Mushe ya tofar da yashi. "Mon kapiten, birkin ne ba na ƙa'ida ba. A kimiyyance baya na faɗi."

"To, ba ma son shakka a aikin gwamnati. A mai da shi sama, a sake, har sai ya faɗi daidai."

Sojoji biyu suka ɗora shi. Direba ya ja da baya, ya taho, ya taka. Gaba. Aka sake ɗorawa. Gaba. Mata suka ajiye ƙoransu, suka manta da layin dawa.

Da aka kama shi za a kuma ɗorawa, sai ya rungume taya, ya kwarma ihu:

"Sabon bincike ya nuna Mahamadu ya ci! Wala!"

Sai dai "wala" ɗin ta fito da ɗan fito, don shi ma yanzu yana da irin hujjar Mahamadu a baki.