Ranar da Aka Sauke Ni Kamar Dabino

Ni jikan maharbi ne, duk unguwarmu ta Harra a Madina an sani. Da taubashina Idi ya ce barewa ta addabi gonarsa a Badr, na ce ya bar ni da ita.

Na kafa tsani, na haye bishiyar dabino da bindiga, na ce, "Tafi da tsanin nan, kada ta gani." Ya ce "Tayyib, to," ya jefa a mota ya tafi Juma'a Madina. Lokacin babu jawwal, wato wayar hannu.

Barewa ba ta zo ba, rana ce ta zo. Bayan la'asar ma'aikatan gona suka zuro da ni da igiya.

Dabarata dai ta ci, barewa ba ta ga tsani ba. Amma duk kakar dabino sai Idi ya ce, "Maharbi, ka nuna ne mu zo mu sauke ka?"